Kwana Biyu a Bagauda: Tarihin Otel ɗin da Ya Cinye Mana Kuɗin Kwano



Kwanakin baya ina zaune a ƙofar ɗaki bayan sallar isha'i, sai autata ta zo ta miƙo mini waya, ta ce in kalli wani abu. Hoton bidiyo ne na wasu iyali da suka tafi hutu wani katafaren otel da ke cikin filin wasannin Disney a Amurka. Yara sun leƙo ta barandar ɗakin kwanansu, ga raƙumin dawa a ƙasa yana cin ganye abinsa. Da muka gama kallo sai ta ce, "Baba, don Allah mu me ya sa ba mu da irin wannan wuri?" Na ce mata ai mun taɓa yi, kuma ni ɗin nan da take gani na kwana a ciki har kwana biyu. Ta yi dariya, ta ɗauka zolayarta nake yi. Ban ga laifinta ba, domin kuwa ta san ƙauyenmu, Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo, ta kuma san cewa kakanta malamin firamare ne har ya bar duniya. Wannan dariya tata ce ta sa na ɗauki alƙalami, don in ba da tarihin otel ɗin Bagauda, da yadda aka yi ya zo, da yadda aka yi ya tafi.

BAHAUSHE DA TAFIYA

Kafin mu kai Bagauda, ya kamata mai karatu ya tuna cewa Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, amma kowace tafiya tasa da dalilinta. Akwai fatauci, wanda ya kai kakanninmu har Gwanja neman goro. Akwai ci-rani bayan an kawar da amfanin gona. Akwai tafiyar neman karatu gabas, da aikin Hajji wanda a da ake shafe shekaru ana yinsa a ƙasa ta Chadi da Sudan, sai kuma ziyarar dangi, biki ko gaisuwar rasuwa. A duk waɗannan, in dare ya yi wa mutum, zango zai sauka, ko gidan fatoma, ko zauren mai gari, ko gidan wani ɗan uwa. Baƙo ba ya tambayar kuɗin ɗaki, mai gida kuma kunya zai ji ya karɓa.

Da Turawa suka zo sai suka kawo nasu salon. Suka sa aka gina musu gidajen sauka a bayan gari, inda Di'o yake kwana in ya fito rangadi. Irin wannan wuri aka riƙa kira bariki, kuma mai karatu ya san inda kalmar nan ta ƙare a bakin Bahaushe: in aka ce wane ɗan bariki ne, ko wance ta shiga bariki, ba yabo aka yi ba. Kalmar otel ma da ta biyo baya, wannan rigar ta gada. A ƙauyukanmu na wancan lokaci, in ka ce otel, abin da ke zuwa zuciyar dattijo shi ne giya da kiɗan garaya da matan da suka bar gidan iyayensu. Saboda haka a ce magidanci ya kwashi matarsa ta aure da 'ya'yansa, ya bar gidansa lafiya lau, ya je ya biya kuɗi don kawai ya kwana a bakin ruwa ya dawo, wannan abu ne da ba shi da suna ma a wajenmu. Kalmomin nan da muke ji yanzu, yawon buɗe ido da shaƙatawa, rediyo da jarida ne suka yaɗa su daga baya.

AUDU BAKO DA RUWA

Ni sa'an Jihar Kano ne, don a 1967 aka haife ni, shekarar da Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar nan jihohi goma sha biyu a ranar 27 ga Mayu. Wanda aka ba riƙon sabuwar jihar shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, Allah Ya jiƙansa, haifaffen Kaduna a 1924. Ya riƙe jihar, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu, har zuwa ƙarshen Yulin 1975 da juyin mulkin da ya kawo Janar Murtala Muhammad ya sauke gwamnonin Gowon baki ɗaya.

Abin da aka fi tuna mutumin nan da shi ruwa ne. Ƙasar Kano damina ɗaya gare ta, ta wata huɗu zuwa biyar, in ta wuce sai koguna su zama yashi. Tunaninsa shi ne a tare ruwan damina a ajiye don rani. Aka fara da madatsar Bagauda wajen 1970, a ƙasar Bebeji, aka sa mata sunan Bagauda, wanda littafin tarihin Kano ya ce shi ne sarkin Kano na farko, daga shekarar 999. Daga nan aka shiga babban aikin, wato madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka fara a 1971 aka gama a 1974. Tafkinta ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178, yana kuma iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Ana cikin wannan aiki ne farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa ƙasashen Sahel, dabbobi suka mutu, mutanen arewa da mu suka kwararo kudu neman abinci, sai kowa ya gane cewa mutumin ya hango nesa. Tsarin da ya shimfiɗa ne aka ci gaba da bi aka yi ƙananan madatsu a faɗin jihar, irin su Watari a Bagwai, da Tomas a ƙasar Dambatta, da Guzuguzu a Kabo nan kusa da mu.

To amma Audu Bako bai tsaya a noma ba. Ya ga cewa ruwan da zai shayar da alkama da tumatir zai iya jawo baƙi masu kuɗi. Don haka gwamnatinsa ta gina otel a bakin tafkin Bagauda, ta gina wani a kan dutse a Tiga wanda ake kira Rock Castle, ta yi gidan namun daji a cikin birnin Kano a farkon shekarun 1970, ga kuma dajin Falgore a kudu inda ake zuwa kallon namun dawa a sake. In ka haɗa su wuri ɗaya za ka ga manufar: baƙo ya sauka a filin jirgin saman Kano, ya zaga birni da kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, ya kwana a Bagauda, ya hau Tiga, ya shiga Falgore. Kuɗin yin haka kuma akwai su, domin farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 1973, shekarar da aka fara kashe naira da kwabo a maimakon fam da sule.

YADDA AKA YI MUKA TAFI

Wannan kuɗin man ya iso har gidanmu ta hanyoyi biyu. Na farko ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata a 1975 haɗe da bashin watannin baya. Na biyu shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, da aka fara a watan Satumban 1976, wanda ya sa aka buɗe makarantu ko'ina, aka ɗaga mahaifina ya zama hedimasta. Tun daga lokacin ya fara tara kuɗi don ya cire jinkar ɗakin mahaifiyata ya sa mata kwano. A ƙauye a lokacin rufin kwano shi ne shaidar an samu. Inna ta riga ta gaya wa ƙawayenta cewa damina mai zuwa ba za ta ƙara tara kwarya a tsakar ɗaki ba.

Ana nan sai Baffana, ƙanin mahaifina da ke aiki a ma'aikatar gona a Kano, ya zo Babbar Sallar 1977 da sabuwar Fijo 504 da ya saya da rancen mota, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Shi ne ya kawo zancen Bagauda. Ya je taro can, ya kwana a kuɗin gwamnati, ya zo yana ba da labari har dare ya raba. Ban san abin da ya shiga zuciyar mahaifina ba a daren nan. Bayan kwana uku dai ya shiga wajen mahaifiyarsa, ina biye da shi riƙe da fitila, ya durƙusa ya gaya mata yana so ya kai iyalinsa su gani.

Iya ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Wa ya rasu a can?"

Ya ce, "Babu kowa, Iya."

"To biki ake yi?"

"A'a, gani kawai za mu yi, yara su buɗe ido."

Ta ce, "Kai da gidanka, da gadonka, ka je ka sayi kwana? Kuma ka ɗauki 'yar mutane ka kai ta otel? In kawunnanta na Getso suka ji, me zan ce musu?"

Mai karatu, wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai nauyin. Inna matar kulle ce, ba ta fita sai da dare, ko asibitin Gwarzo sai da dalili mai ƙarfi. In labari ya bazu cewa an gan ta a otel, ba kuɗi kaɗai za a rasa ba, mutuncinta ne zai shiga bakin mata a bakin rijiya, kuma ƙannena mata biyu suna tasowa. A ƙarshe aka yi sulhu irin na gida: Iya ta yarda, bisa sharaɗin a ce wa mutanen gari Kano za mu je gaida matar Baffa. Ba ƙarya aka yi ba, mun je mun gaishe ta, sai dai mun ɗauke ta mun yi gaba. Kuɗin kuwa, na kwanon nan ne. Da mahaifina ya gaya wa Inna, abin da ta ce kawai shi ne, "Yadda ka gani, Malam," amma ranar nan tuwon dare bai yi daɗi ba.

ABIN DA MUKA GANI

Cikin hutun Disamba muka tashi, ana tsananin hunturu. Manya huɗu da yara biyar a cikin mota ɗaya, ni a kan cinyar mahaifina a gaba. Muka bi ta Kabo da Rimin Gado muka shiga Kano, washegari muka kama hanyar Zariya. Bayan mun wuce Kura ne na ga abin da ya fara ɗaure mini kai. A garinmu a wannan wata ba ka ganin komai sai karan dawa da ƙura, amma a Kadawa ga alkama kore shar iya ganinka, ga ruwa yana gudu a cikin magudanar siminti kamar damina. Mahaifina ya sa aka tsaya, ya fita ya tsuguna ya taɓa ruwan da hannunsa. Baffa ya yi masa bayanin yadda yake gangarowa daga Tiga da kansa, ba inji, saboda madatsar ta fi gonakin tudu. Daga nan muka saki hanyar Zariya muka kama wadda ta nufi Tiga da Tudun Wada, ba a jima ba sai ga Bagauda.

Abin dariya a nan yake. Ɗakunan da aka kai mu zagayayyu ne, kamar dai ɗakunanmu na ƙauye, an jera su a cikin itatuwa suna kallon tafki. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ginin sama da ƙasa, ta juyo ta ce wa matar Baffa a hankali, "Ashe irin ɗakin da nake gudu ne aka zo saye da kuɗin kwanona." Sai da muka shiga ciki ta yi shiru. Ga gado mai laushin da in ka zauna sai ya haɗiye ka, ga darduma har bango, ga fitilar lantarki a kowane gefe, ga bayi a cikin ɗaki da bahon wanka fari fat da famfo biyu, ɗaya na ruwan zafi. Ni da ƙanina muka buɗe muka rufe famfon nan har aka kore mu. Akwai kuma na'urar sanyaya ɗaki, wadda mahaifina ya ce tunda da kuɗinta a cikin lissafi sai an kunna, duk da hunturun da ake yi. Muka kwana muna karkarwa a cikin bargo, babu wanda ya yi ƙorafi.

Da safe muka zaga. Akwai wurin ninƙaya da aka gina da ruwa shuɗi, inda muka tsaya nesa muna kallon 'ya'yan Turawa da na Kwarori suna faɗawa. Akwai babban ɗakin cin abinci, inda na fara riƙe cokali mai yatsu, na fara cin burodi gasasshe da man shanu na cikin takarda. Inna ba ta yarda ta ci a gaban maza ba, sai ɗaki aka kai musu ita da matar Baffa, suka haɗa da soyayyun zabbi da dambun naman da suka taho da shi. Ɓangaren da Turawa ke zama da kwalabe kuwa, mahaifina zagaye mai nisa yake yi da mu don kada mu bi ta wajen. Rana ta biyu Baffa ya kai mu Tiga, muka hau har Rock Castle. Daga can sama ruwan ba shi da ƙarshe. Ƙanwata ta tambaya ko wannan ne tekun da alhazai ke hayewa.

Abin da ya fi zama mini a rai ya faru ne da yammacin ranar ƙarshe. Bayan la'asar mahaifina ya ce wa Inna ta yafa mayafi ta fito. Suka tafi bakin tafki su biyu, suna tafe kafaɗa da kafaɗa, mu muna biye a baya. A shekaru goma na rayuwata ban taɓa ganin iyayena suna tafiya tare da rana ba. A gida shi yana zaure ita tana ciki, in ma tafiya ta kama, yana gaba tana baya da nisa. A nan babu wanda ya san su balle su ji kunya. Suka zauna a kan wani benci har rana ta faɗa cikin ruwa, ina jin dariyarta daga inda nake.

CAN A AMURKA

Yanzu bari mu koma kan bidiyon autata, domin shekarun sun yi daidai da namu fiye da yadda mutum zai zata. Walt Disney ya buɗe filin wasanninsa na farko, Disneyland, a Kalifoniya ranar 17 ga Yulin 1955. Da ya ga 'yan kasuwa sun zagaye shi da ƙananan otel-otel suna kwashe kuɗin baƙinsa, sai ya sayi makeken fili mai fadama kusa da Orlando a jihar Fulorida, don a wannan karon wurin wasa da wurin kwana duk su zama nasa. Ya rasu a Disamban 1966 bai ga aikin ba. An buɗe Walt Disney World ranar 1 ga Oktoban 1971, shekarar da aka fara aikin Tiga, da manyan otel biyu, Contemporary da Polynesian. Su ma a bakin ruwa suke, har da tafkin da aka haƙa. Jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo ɗaya yana ratsawa ta tsakiyar ginin Contemporary, ya ɗauki iyali daga ƙofar ɗaki ya sauke su a ƙofar filin wasa.

Dabarar tasu ita ce otel ba ya tsayawa shi kaɗai. Filin wasan ne ke jawo yara, yara su jawo iyaye, iyaye su biya kwana, kuɗin kwanan kuma a gina wani sabon abin da zai sa su dawo baɗi. A 1982 suka ƙara EPCOT. A 1988 suka buɗe otel ɗin Grand Floridian. A 2001 suka buɗe Animal Kingdom Lodge, wanda shi ne na cikin bidiyon nan, an yi masa siffar ginin Afirka mai kama da jinka, an zuba raƙuman dawa da jakunan dawa a harabarsa. Sun kuma kasa otel-otel ɗinsu hawa-hawa, na manyan masu kuɗi, na matsakaita, da na masu ƙaramin ƙarfi, don kada a rasa kuɗin kowa. Wato abin da Audu Bako ya yi tunani, ɗakin gargajiya da ruwa da namun daji, shi ne wasu ke sayarwa da dala har yau.

RUWA YA ƘARE WA ƊAN KADA

Me ya sa namu bai ɗore ba? A ganina amsar tana cikin labarinmu. Baffa ya san Bagauda ne saboda gwamnati ta biya masa. Yawancin waɗanda muka tarar a can ko dai Turawan kamfanoni ne masu aikin kwangila, ko ma'aikatan da suka zo taro. Iyali irin namu, da suka ciro kuɗi daga aljihunsu, ba su da yawa, kuma mu ɗin ma sau ɗaya muka iya, sai da muka sayar da damina biyu ta rufin ɗaki. Wurin da gwamnati ce ta gina shi, ita ke tafiyar da shi, ita ce kuma babbar mai sayen ɗakunansa, ranar da aljihunta ya yi sanyi shi ma zai yi.

Haka kuwa aka yi. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta zube, albashin malamin makaranta ya koma ba ya kai shi ƙarshen wata, Turawan kwangila suka tattara nasu ya nasu. Sai kuma babbar musiba: a watan Agustan 1988, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle. Ruwan ya ci rayuka da gidaje da gonaki, ya yanke hanya. Ina ɗalibi a Kano a lokacin, a rediyo na ji, na tuna bencin nan na bakin tafki. An gyara madatsar daga baya, amma otel ɗin bai koma kamar da ba. A farkon shekarun 2000 aka mayar da wurin reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, kuma haka yake.

Adalci ne kuma a faɗi cewa ruwan da muka tsaya muna sha'awa daga saman Rock Castle ba kyauta ya zo ba. A ƙarƙashinsa akwai gonaki da kufan garuruwan da aka tasa, mutanen da ba su taɓa kwana a otel ɗin ba. Can gabas kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoma da masunta suka dogara da ita ta ragu bayan Tiga, ta ƙara raguwa da aka gama madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, maƙwabtanmu, a 1992. Ina yaro ban san wannan ba. Yanzu da na sani, ba zan ba da labarin daɗin in ɓoye kuɗinsa ba.

ABIN DA YA RAGE

Shekarun baya na koma Bagauda, na kai wa ɗan wani abokina saƙo yana karatun lauya a can. Na ga zagayayyun ɗakunan nan, ɗalibai ke kwana a ciki, an shanya fararen riguna da baƙaƙen wanduna a igiya. Na nemi wanda muka kwana a ciki ban gane shi ba. Ban ji haushi ba, don gara ɗalibai da jemagu. A hanyar dawowa na tsaya a Kura na sayi shinkafa 'yar gida, wadda ruwan Tiga ne ya shayar da ita. Magudanan nan da mahaifina ya taɓa suna nan suna aiki, domin kowace shekara akwai dubban manoma da cinsu da shansu ke rataye da su.

Haka ma gidan namun daji na Kano. Duk wanda ya bi ta Titin Gidan Zoo ranar yawon Sallah ya san ba a samun masaka tsinke, motoci cike da yara daga Gwarzo da Bichi da Rano da Wudil. Cikin duk wuraren shaƙatawar da aka gina a zamanin Audu Bako, wanda talaka ke iya biyan kuɗin ƙofarsa shi ne ya rayu. Saboda haka masu cewa Bahaushe ba ya son hutu da iyalinsa, su je su tsaya a ƙofar nan ranar Sallah. Abin da ya kamata masu shirin gina mana irin waɗannan wurare su riƙe shi ne, su fara tambayar ko hedimastan ƙauye zai iya kawo iyalinsa ba tare da ya taɓa kuɗin rufin ɗaki ba, kuma ko matarsa za ta iya faɗa wa maƙwabta inda ta je ba tare da an sakaya ba.

Kwanon Inna dai sai a 1979 aka sa shi. Asirin tafiyar kuwa bai yi mako guda ba, ƙanina ya fasa shi a makarantar allo, ya ce mun je gidan da ruwan zafi ke fitowa daga bango. An yi 'yan maganganu a gari, kawunnan Getso suka aiko a ji ba'asi, Iya da kanta ta tare su ta ce da izininta aka tafi, magana ta mutu. Bayan rasuwar Inna, da mata suka zo raba kayan ɗakinta, a cikin wata langa ta can ƙasan jere aka sami ɗan ƙaramin sabulu a cikin takardarsa, ya bushe ya tsattsage, ba a taɓa wanka da shi ba. Ƙannena ba su gane shi ba, ni na gane. Yana wajena yanzu, kuma shi na ɗauko na nuna wa autata a daren nan da ta yi mini dariya.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da shugabanninmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa mu cika da kyau da imani, amin.